Daga Takardar Haraji Zuwa Ƙidayar Jama'a: Tarihin Ƙididdiga a Ƙasarmu ta Dandin Mahe

Gabatarwa

Abin da ya jawo wannan maƙala wata 'yar muhawara ce da ta haɗa ni da abokin zamana a ɗakin kwanan ɗalibai. Shi yana nazarin tattalin arziki, ni kuwa ina nazarin Hausa. Wata rana da dare na tarar da shi ya tasa littafin darasin ƙididdiga na 'yan aji ɗaya a gaba yana ta tsaki. Da na tambaye shi abin da ya yi zafi, sai ya ce ai wannan fanni baƙo ne, na Turawa ne zalla, Bahaushe bai san shi ba, balle ya yi masa suna. Maganar ta tsaya mini a rai. Da aka yi hutu na koma gida Dandin Mahe, cikin Ƙaramar Hukumar Shagari, na zauna da dattawa, na kuma duba abin da masana tarihi suka rubuta. Abin da na gano shi ne, mutanenmu sun daɗe suna ƙirga, sun kuma daɗe ana ƙirga su, kuma yadda aka ƙirga su jiya shi ne ya haifi yadda suke amsa tambayar mai ƙidaya yau. Manufata a nan ita ce in bi sawun wannan tarihi, in nuna wa 'yan'uwana ɗalibai cewa kowane adadi da suke gani a jadawali yana da mafari.

Ƙirga Kafin Zuwan Turawa

Tun kafin zuwan Turawa Bahaushe yana da kalmomin manyan lambobi, domin kuɗinsa wuri ne, kuma wuri ba ya sayen abin kirki sai da yawa. Wuri 20 shi ne hauya, 200 metan, 400 arbaminya, 500 hamsaminya, 1,000 alif ko zambar, 2,000 alfin, sa'an nan 20,000 shi ne keso guda. Masu ƙirga wuri sukan ja biyar-biyar da yatsu, su tara tsibi-tsibi, su haɗa tsibi su fitar da jimla. Wanda ya iya wannan ya riga ya san abin da malaman ƙididdiga suke kira rukuntawa, watau tara abubuwa gida-gida don a sami saukin lissafi.

Bayan jihadin da aka fara a 1804, wannan yanki namu ya zama cibiya. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa daga wajen 1810 har 1815, ƙaninsa Malam Abdullahi kuwa ya zauna a Boɗinga. A cikin littafinsa Kitabul Farƙi, Shehu ya soki sarakunan da suka gabata a kan ɗora wa talakawa jangali da kuɗin gari da kuɗin salla. Abin da manoman kewayen Sakkwato suka fi sani bayan jihadi shi ne zakka, ita kuwa zakka lissafi ce tsantsa. Manomin da amfaninsa ya kai nisabi yakan fitar da ɗaya bisa goma in ruwan sama ne ya shayar da gonar, watau dami guda cikin kowane dami goma. In kuwa da wahalarsa ya yi ban ruwa, sai ya fitar da ɗaya bisa ashirin. Mai shanu 30 yakan ba da ɗan maraƙi, mai awaki ko tumaki 40 yakan ba da guda. Ke nan manomi ya san yawan dammansa, makiyayi ya san yawan garkensa. Abin lura a nan shi ne, dukiya ake ƙirgawa, kuma mai ita shi ne yake ƙirgawa tsakaninsa da Ubangijinsa. Ba a jera mutane ana ƙirga kawunansu.

Saboda haka adadin jama'a da muke da shi na wancan zamani kintace ne na baƙi. Kyaftin Kilafatan, wanda ya zo Kano da Sakkwato a 1824, ya kintaci mutanen birnin Kano tsakanin 30,000 da 40,000. Bature Bajamushe Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya ga Kano a 1851 ya ce mazaunanta za su kai 30,000, kuma sukan ninka a lokacin fatauci. Ya kuma ba da labarin cewa kowane magidanci a ƙasar Kano yana biyan kuɗin ƙasa wuri 2,500. Waɗannan mutane ba su shiga gida-gida ba. Da ido suka auna, kuma ɗalibin ƙididdiga ya kamata ya riƙa bambanta kintace da ƙirge.

Haraji da Mafarin Ɓoyo

Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Babbar matsalar Gwamna Lugga ita ce kuɗin tafiyar da mulki, don haka a 1904 da 1906 ya kafa dokokin da suka tattara kuɗaɗen da ake biya iri-iri suka mai da su haraji guda, ban da jangali da aka bar wa masu shanu. Aka yanka ƙasa gunduma-gunduma, aka umurci kowane uban ƙasa ya bar birni ya koma ya zauna cikin gundumarsa. Daga wajen 1911 aka kafa baitulmalin En'e, inda ake zuba rabon hukumar gargajiya. Daga nan ne ƙirga mutane ya zama aikin shekara-shekara. Mai unguwa ya kawo sunaye, hakimi ya tattara, malamin haraji ya rubuta, uban ƙasa ya miƙa, Di'o ya duba, Razdan ya sa hannu.

Kakana ya riski ƙarshen wannan zamani yana yaro, cikin shekarun 1950. Da na tambaye shi sai ya yi dariya ya ce, "Kai ɗan nema, mi kaka biɗa da zancen da ya wuce? Lokacin nan in munka ji malamin haraji ya sauka gidan hakimi, duk yaron da ya fara tsawo sai a tura shi daji kiwo, ko a sa shi cikin rumbu a rufe. In anka rubuta ka, shi ke nan, ubanka ya samu kai guda na biya." Ya ce Fulanin da ke maƙwabtaka da su su ma sukan raba garke biyu, su kora rabi can nesa kafin masu jangali su iso.

Wannan labari ba abin dariya ne kawai ba, darasi ne na farko a fannin ƙididdiga. Kuskure iri biyu ne. Akwai na tsautsayi, inda malami ya tsallake gida nan, ya maimaita gida can. Irin wannan yakan cinye kansa in adadi ya yi yawa. Akwai kuma kuskuren da ya karkata gefe guda, inda kowa yake ragewa, ba mai ƙarawa. Wannan na biyu ba ya gyaruwa komai yawan gidajen da aka shiga, sai ma ya daɗa taruwa. Takardun haraji irin wannan karkata suke da ita, domin duk wanda aka tambaya yana da riba in ya rage.

Akwai darasi na biyu a cikin yadda ake yanka harajin. Sau da yawa Bature yakan kintaci abin da gari yake samu a jimlace, ya yanke abin da za a biya, a bar wa hakimi da dattawa su raba. Bari in ƙirƙiro misali don a gane illar abin. A ce unguwa tana da manoma 10, tara daga cikinsu kowa ya sami dami 20, na goman kuwa mai hali ne ya sami dami 320. Jimla dami 500 ke nan, in an raba da 10 sai a ce matsakaicin manomi yana da dami 50. Amma a duk unguwar babu mai dami 50. In aka jera su daga ƙarami zuwa babba aka ɗauki na tsakiya, dami 20 za a samu, kuma shi ne ya fi nuna halin da yawancinsu suke ciki. Harajin da aka ɗora bisa 50 zai karya mutum tara ya bar guda yana murmushi. Wannan shi ne bambancin matsakaici da na-tsakiya wanda abokina yake haddacewa don jarrabawa, alhali kakanninsa sun ɗanɗana shi a jikinsu. Abin ya fi tsanani a shekarun yunwa, kamar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, lokacin da amfanin gona ya faɗi amma takarda ba ta san da haka ba.

Ba mu kaɗai muka tsorata da ƙirge ba. A 1929, a ƙasar Ibo, ƙirga mata da dabbobi da aka fara a garin Oloko ya sa mata suka zaci za a ɗora musu haraji, har aka yi boren da ake kira na matan Aba, aka kashe mata fiye da 50. Ƙidayar 1931, wadda ta ba Nijeriya mutum kusan miliyan 20, yawancin alƙalumanta daga takardun haraji aka kwaso su. A 1941 kuwa ba a yi ƙidaya ba saboda Yaƙin Duniya na Biyu.

Da Ragi Ya Koma Ƙari

Ƙidayar farko da aka yi ƙoƙarin bi gida-gida a Arewa ita ce ta 1952, wadda aka kammala a sauran jihohi a 1953. Ta ba Nijeriya mutum miliyan 30.4, Arewa tana da miliyan 16.8. Yawancin masana sun yarda an rage, domin wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Mutane sun ɗauka sabuwar dabarar haraji ce. Ga kuma al'adunmu: mai ƙidaya namiji ba ya wuce zaure a gidan da ake kulle, uwa tana jin kunyar ambaton ɗan fari, wasu kuma suna ganin ƙirga 'ya'ya yana jawo musu baki.

Sai siyasa ta shigo ta juya lissafin. Bisa alƙaluman 1952 da 1953 aka raba kujerun Majalisar Wakilai, inda a zaɓen 1959 Arewa ta sami 174 cikin 312. Nan da nan kowa ya gane cewa yawan kai shi ne yawan kujera, shi ne kuma yawan rabo daga asusun tarayya. Wanda jiya yake ɓoye ɗansa a rumbu, yau ana roƙonsa ya fito da kowa da kowa. Aka yi ƙidaya a watan Mayu na 1962, rigima ta sa aka soke ta. Aka sake a Nuwamba 1963, aka sami miliyan 55.7, Arewa tana da miliyan 29.8. Ta 1973 ta ba da miliyan 79.8, ita ma gardama ta yi mata yawa har Janar Murtala Muhammad ya soke ta a 1975. Ta 1991 ta ba da miliyan 89, ta 2006 kuwa miliyan 140.4.

Mai karatu ya ɗauki alƙalami mu gwada waɗannan alƙaluma da junansu. Daga miliyan 30.4 zuwa 55.7 cikin shekara goma da 'yan watanni, ana bukatar jama'a su riƙa ƙaruwa da kusan kashi 6 cikin ɗari kowace shekara. Babu wata ƙasa da haihuwa kaɗai ta taɓa kai ta ga haka. Daga miliyan 79.8 na 1973 zuwa 89 na 1991 kuwa, ƙaruwar ba ta kai kashi 1 cikin ɗari a shekara ba, ga ƙasar da kowane gida yake suna. Daga 1991 zuwa 2006 lissafin ya ba da kashi 3.2. Ba sai an kira boka ba, waɗannan alƙaluma ba za su zama gaskiya gaba ɗayansu ba: ko dai an rage a wata, ko an ƙara a wata, ko duka biyu. Ɗalibin da ya iya lissafin ƙaruwa mai ninkawa yana iya kama wannan da kansa a ɗakin karatu.

Rashin sahihin adadi yana da farashi. Da aka fara shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa a watan Satumba na 1976, masu tsarawa sun shirya wa yara miliyan 2.3 'yan aji ɗaya, sai ga kimanin miliyan 3 sun hallara. Sakamakon haka shi ne ƙarancin azuzuwa da malamai, da karatu a gindin bishiya. A 1979 gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali, amma tsoron da haraji ya dasa bai tafi tare da shi ba.

Ɗanɗano Maimakon Ƙirga Duka

Akwai wata hanya ta sanin hali ba tare da an ƙirga kowa ba, kuma kowace mai awo a kasuwar garinmu ta san ta. In za ta sayi buhun gero ba ta zazzage shi ta duba ƙwaya-ƙwaya. Takan cusa hannu ta ɗebo daga sama, da tsakiya, da ƙasa. Dalilin da ya sa ba ta yarda da na sama kaɗai shi ne ta san mai sayarwa yana iya shimfiɗa mai kyau a baki. Wannan shi ne tushen binciken samfur: kaɗan yana iya wakiltar mai yawa, muddin kowane ɓangare ya sami damar shiga hannu.

An yi irin wannan aiki a ƙofar gidanmu. Da ranin 1952 zuwa 1953 aka tsayar da malamai a mashigai da hanyoyin da masu cin rani suke bi suna fita Lardin Sakkwato, aka ƙirga matafiya fiye da 250,000. Masanin labarin ƙasa Mansell Prothero ne ya yi nazarin alƙaluman, ya nuna cewa kaso mai tsoka na mazajen lardin ba sa gida da rani. Daga baya, wajen 1967 zuwa 1968, masu binciken tattalin arzikin karkara na Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da David Norman, suka zaɓi ƙauyuka uku a kewayen Sakkwato: Takatuku, wadda take ƙasar Boɗinga, da Kaura Kimba da Gidan Karma. Suka auna gonaki, suka riƙa komawa gidajen da suka zaɓa a kai a kai suna rubuta aiki da amfani da abin da ya shigo. Binciken ya nuna muhimmancin fadama da sana'o'in da ba noma ba ga rayuwar manomin wannan yanki. Abin da takardar haraji ta shekara hamsin ba ta faɗa ba, ƙauyuka uku sun faɗe shi, saboda an yi tambaya cikin natsuwa kuma ba a zo karɓar komai ba.

Binciken cin rani yana da wani darasi. Ƙidayar 2006 an yi ta ne a watan Maris, tsakiyar rani, kuma ƙa'idarta ita ce a rubuta mutum inda aka same shi. Ke nan ɗan Dandin Mahe da ya tafi neman kuɗi Ikko ko Ibadan can aka ƙirga shi, in har an same shi. Ƙidayar ta ba Jihar Sakkwato miliyan 3.7, Ƙaramar Hukumar Shagari kimanin 156,000, Boɗinga kimanin 175,000. Duk mai amfani da waɗannan alƙaluma ya kamata ya tuna da watan da aka tattara su.

Haka nan batun shekaru. Tambayi dattijo a garinmu shekarunsa, zai ce 60 ko 70, da wuya ka ji 63 ko 68, domin ba a rubuta ranar haihuwarsa ba, da yunwa kaza ko sarautar wane yake kwatance. In aka zana jadawalin shekaru sai a ga tsibi a kan duk lambar da ta ƙare da sifiri ko biyar. Masana suna da ma'aunin gane wannan cunkoso da hanyoyin daidaita shi, amma wanda bai san al'adar ba zai ɗauka haka Allah ya halicci mutanen.

Halin da Ake Ciki

Ƙidayar da aka shirya yi a watan Mayu na 2023 an ɗage ta ana saura 'yan kwanaki. Alƙaluman yawan jama'a da ake ambata tun bayan 2006 hasashe ne da aka gina a kan waccan ƙidaya. In aka ɗauki ƙaruwar kashi 3.2 a shekara, jama'a sukan ninka cikin kimanin shekara 22, don haka ƙaramin kuskure a tushe ko a ma'aunin ƙaruwa yakan zama miliyoyi a ƙarshe. Kuma da irin waɗannan alƙaluma ake raba kuɗi, domin a rabon da ake yi tsakanin jihohi yawan jama'a yana ɗauke da kashi 30 cikin ɗari. Da su ake lissafin allurar rigakafi, da azuzuwa, da takin zamani.

Ko alƙaluman tattalin arziki ba su tsira ba. A watan Afrilu na 2014 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sauya shekarar da take gina lissafinta a kai daga 1990 zuwa 2010, sai ƙimar abin da Nijeriya ta samar a 2013 ta tashi daga wajen dala biliyan 270 zuwa biliyan 510. Ba wanda ya wayi gari da ƙarin kwabo a aljihu. Mudun awo ne aka sake, aka shigar da harkoki irin su wayar salula da finafinai waɗanda tsohon mudu bai auna su sosai ba.

Kammalawa

Na koma makaranta na ba abokina wannan labari. Na ce masa ko a Turai kalmar da suke kiran fannin da ita daga Jamusanci ta fito cikin ƙarni na 18, kuma asalin ma'anarta sanin halin ƙasa don amfanin hukuma. Watau su ma daga haraji da ɗaukar soja suka faro. Bambancin kawai shi ne sun daɗe da fahimtar cewa sai mai ba da amsa ya amince kafin adadi ya yi gaskiya.

Shawarata ga ɗaliban tattalin arziki ita ce, kafin su fara tarawa da rabawa su yi wa kowane adadi tambaya huɗu: wa ya ƙirga, yaushe ya ƙirga, don me ya ƙirga, kuma wanda aka ƙirga me yake tsoro ko me yake kwaɗayi? Mu kuma ɗaliban Hausa akwai namu aikin. Takardar tambayoyi da Turanci ake tsara ta, amma a zaure da Hausa ake yin ta. In mai ƙidaya ya ce "gida", yana nufin duk wanda ke cikin katanga ɗaya ne, ko masu ci daga tukunya ɗaya, ko masu noma gandu ɗaya? Amsoshin uku ba ɗaya ba ne, kuma kowace za ta ba da adadi dabam. Ya kamata sashenmu da nasu su zauna su daidaita waɗannan kalmomi kafin ƙidaya ta gaba.

Ranar da zan baro gida na tambayi kakana ko zai yarda a rubuta shi in masu ƙidaya sun zo. Sai ya ce, "In sun zo da sallama, sunka faɗi abin da za su yi da sunana, ni da kaina zan jera musu jikokina, har da kai." Allah ya sa mu dace.